Uwar ƙungiya da uban ƙungiya: yadda ake amfani da kalmomin da ke sama da wasu

Ƙungiya takan yi uwa, takan kuma yi uba, amma ba mata da miji ba ne. Uwar ƙungiya ita ce cibiyar da rassa suka fito daga jikinta, kowane reshe yana ɗauke da sunanta da dokokinta. Uban ƙungiya kuwa mutum ne, dattijo ko mai hali da aka ɗora a sama don a riƙa jin maganarsa, wani lokacin ma ko katin zama ɗan ƙungiyar ba shi da shi. Dukansu biyu a sama suke, sai dai saman kowa daban. Uwar ta ƙunshi na ƙasa da ita, uban ya fi na ƙasa da shi.

Daga nan yawancin rikicin kalmomin fifiko yake tasowa. Kalmomi kaɗan muke juyawa, babba, sama, gaba, ƙarƙashi, uwa, uba, muna auna abubuwa uku da su. Na farko tsanin muƙami, inda wani yake ba wani umarni ko yake zama gaba da shi a jeri. Na biyu tsanin jinsi, inda kalma ɗaya take tattara kalmomi da yawa a cikinta, kamar yadda tsuntsu ya tattara shaho da kurciya da balbela. Na uku tsanin gaɓa da jiki, inda abu yake zama ɓangaren wani abu, kamar fiffike a jikin shaho. A hira babu wanda wannan zai dama, domin mai sauraro yana cike gurbi da kansa. A rubutun doka, ko ƙamus, ko fom, ko fassarar labari, nan ne ake jin jiki.

Gwajin rarrabe su bai wuce jimla guda ba. Ɗauki kalmar ƙasa da ta sama ka saka su a wannan gurbi: kowane kaza kaza ne. Kowane shaho tsuntsu ne, magana ta zauna, tsanin jinsi ke nan. Kowane kyaftin kanar ne, ƙarya ce, ashe dangantakarsu ta muƙami ce. Kowane fiffike shaho ne, ita ma ba ta zauna ba, sai ka ce fiffike ɓangaren shaho ne sannan ta tashi. To kyaftin da kanar fa, wace kalma ce ta haɗa su? Hafsa. Kowane kyaftin hafsa ne, kowane kanar hafsa ne, kowane hafsa kuma soja ne. Duba abin da ya faru a nan: a tsanin jinsi soja ne a saman hafsa, tunda ya fi shi faɗi, amma a bariki idan aka ce soja kawai, hankali ya fi tafiya kan kurtu da mai igiya, waɗanda hafsa yake ba umarni. Tsanin biyu sun juya wa juna baya. Na muƙami yana tsukewa ne yayin da kake hawa, sojoji dubbai, janar ƙalilan. Na jinsi kuwa buɗewa yake yi, duk matakin da ka hau sai 'yan cikinsa su ƙaru, siffofin da suka haɗa su kuma su ragu. Abin da za ka iya faɗa a kan kowane shaho yana da yawa: ƙugiyar baki, farata, kaifin gani, farauta. Abin da za ka iya faɗa a kan kowane tsuntsu bai kai haka ba, gashi ne da baki da ƙwai. Ko tashi sama ba ya ciki, domin jimina tsuntsuwa ce kuma ba ta tashi.

Babba da 'yan'uwansa

Babu kalmar da ta kai babba ɗaukar kaya a wannan fage. Tana nufin girman jiki, tana nufin shekaru, tana nufin muƙami, tana nufin muhimmanci, kuma ba ta sanar da kai wanda ta ɗauko. Manyan dabbobi su ne shanu da raƙuma, girman jiki ne zalla. Babban ɗa shi ne na fari, ko da ƙannensa sun fi shi tsawo. Babban mutum mai daraja ne, ko da ɗan tsurut ne, wanda ya cika ƙofa kuwa ƙato ake ce masa. Babban birni shi ne mazaunin gwamnati, ba lallai ne ya fi sauran yawan jama'a ba: Ankara ce babban birnin Turkiyya, amma Istanbul ta fi ta mutane nesa ba kusa ba, haka Kanbera take idan aka kwatanta ta da Sidni a Ostareliya. Mai rubutu da yake nufin yawan jama'a sai ya ce birni mafi girma, ko ya fito fili ya ce mafi yawan jama'a. Babban banki ma ba yawan rassa ko yawan masu ajiya ya ba shi sunan ba, shi ne mai fitar da takardun kuɗi da sa ido kan sauran bankuna.

Wurin da aka ajiye kalmar yana da tasiri. Idan ta zo gaban suna da ɗafa-ƙeyarta, babban, babbar, manyan, sau da yawa takan manne da sunan su zama laƙabi guda: babban sakatare, babbar kotu, manyan hafsoshi. Idan ta biyo baya, kamar ofis babba ko kotu babba, ta fi karkata ga siffantawa. Saboda haka babbar kotu suna ne na wani mataki, ba hukunci ne cewa ta fi kowace kotu ba. A tsarin shari'a da yawa akwai kotun ɗaukaka ƙara a samanta, sannan kotun ƙoli a saman duka. Ƙoli ce kalmar da ke rufe tsani, babu wani mataki bayanta, don haka bai kamata a riƙa yayyafa ta ko'ina ba. Duk da haka suna yana iya yaudara. A jihar New York ta Amurka, kotun da sunanta yake nufin kotun ƙoli ita ce ake fara shigar da manyan ƙararraki a gabanta, wadda ke saman kowa a jihar kuwa sunanta kotun ɗaukaka ƙara. Mai fassarar da ya bi suna bai duba tsari ba, zai gaya wa masu karatu cewa shari'a ta ƙare alhali yanzu aka fara.

Sai aikatau fi, wanda da shi muke kwatanta komai. Ƙa'idarsa ita ce a faɗi abin da aka fi a kansa: ta fi shi muƙami, ya fi ta shekaru, sun fi mu albashi. Ya fi shi girma magana ce mai baki uku, jiki ko shekaru ko daraja, kuma a rubutu babu murya ko fuska da za ta warware ta. Girme kuwa shekaru kawai take aunawa. Ana iya samun ma'aikacin da ya girme shugabansa da shekara 20, shugaban kuma yana gaba da shi a ofis, babu cin karo tsakanin maganganun biyu. Gaba da ta fi dacewa da mutane da jerin muƙamai, shi ya sa ake cewa na gaba, ake kuma cewa gaba da gabanta. Sama da tana aiki a muƙami, amma ta fi yawo a lissafi, sama da mutum 300, inda take daidai da fiye da. Magabata tana da fuska biyu da ya kamata a kula da su, shugabannin yanzu da kuma mutanen da suka shuɗe, don haka a takardar aiki shugabanni ta fi tsabta. Maɗaukaki kuwa kunne ya saba jinta tare da sunan Allah, ɗora ta a kan darakta ko kwamiti yana yi wa jimla nauyin da ba ta nema ba.

Muƙami, matsayi da iko ma ba tagwaye ba ne. Muƙami kujera ce da ake naɗa mutum a kai, ana iya sauke shi. Matsayi shi ne inda mutum ya tsaya a idon tsari ko idon jama'a, yana iya wanzuwa bayan kujera ta tafi. Iko shi ne wanda maganarsa take zartuwa. A Jamus shugaban ƙasa ne kan gaba a jerin girmamawa, amma shugaban gwamnati ne ke tafiyar da mulki, kujerar da Angela Merkel ta riƙe daga 2005 zuwa 2021. Idan aka taƙaita aka ce shugabar Jamus kawai, an shafe wannan bambanci, mai karatu kuma zai rasa inda zai ajiye ɗaya shugaban ranar da sunansa ya fito a labari.

Muƙaman soja su ne suka fi kama mai gaggawa. Manjo yana gaba da laftanar, kowa ya san wannan, sai mutum ya ɗauka manjo janar ma yana gaba da laftanar janar. Akasin haka ne. Jerin daga ƙasa shi ne birgediya janar, manjo janar, laftanar janar, sannan janar, a tsarin da ke ƙirga taurari kuwa 1, 2, 3, 4. Dalilin yana cikin tarihin sunan: manjo janar gajarcewar saje manjo janar ne, kalmar saje ta faɗi a hanya, shi kuwa laftanar janar ma'anarsa mai tsayawa a madadin janar. Haka kalmar kyaftin. A sojan ƙasa sai ya haye manjo da laftanar kanar kafin ya kai kanar, mataki uku ke nan, amma kyaftin na sojan ruwa tsaran kanar ne. Duk mai rubuta sunan kyaftin ya kamata ya faɗi rundunarsa.

Inda Hausa take da ƙarancin kaya shi ne mataimaki. Kalma ɗaya ce take ɗaukar wanda zai gaji kujera idan shugaba ya faɗi, da wanda ke mataki na biyu a ofis, da mai ɗaukar jaka da shirya takardu. Mataimakin shugaban ƙasa da mataimaki na musamman ga shugaban ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi tazarar kalmominsu. Maganin shi ne a kiyaye ginin jimlar: mataimakin wane, da ɗafa-ƙeya, a bar wa na biyu a tsani, mai taimaka wa wane kan kaza ko hadimin wane a bar wa ma'aikacin ofishinsa. Muƙaddashi da na riƙo kuwa a tsare su ga wanda ke zaune a kujerar na ɗan lokaci.

Jinsi, nau'i, iri

Jinsi da nau'i daga Larabci muka aro su, kuma a wurin malaman manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da hujja, ba ma'anarsu ɗaya ba. Jinsi ne a sama, nau'i yana cikinsa, abin da ya raba nau'i da 'yan'uwansa kuma shi ake kira faslu. Asalin tsarin na Aristotil ne, masanin falsafa na Girka, wani masanin falsafar mai suna Farfuriyus ya tsara shi a ƙarni na 3 cikin gabatarwar da Larabawa suka sani da Isaguji, daga nan ya shiga karatun manɗiƙi. Misalinsu sananne ne: mutum rayayye ne mai hankalin magana. Rayayye jinsi, mai hankalin magana faslu, mutum nau'i. Wani abin da suka lura da shi, wanda masu rubutu suke yawan mantawa, shi ne cewa kalma ba ta zama jinsi ita kaɗai, sai an kwatanta ta da wata. Tsuntsu jinsi ne idan ka dube shi daga shaho, nau'i ne idan ka dube shi daga mai rai. Shi ya sa suka raba jinsi na kusa da jinsi na nesa.

Hausar yau ta ɗora wa jinsi wasu ayyukan. A nahawu akwai jinsin namiji da na mace, a maganar jama'a ana cewa jinsin mata, ana cewa wariyar jinsi. Iri kuma ta fi kowacce sakewa, tana nufin kala, tana nufin abin shuka, tana nufin tsatson dabba. Rukuni, kashi da aji na abin da mutum ya kasa da hannunsa ne, ana iya sake kasa shi gobe. Dangi tana nuna asali ɗaya. Fanni da reshe na ilimi da sana'a ne, sashe na ma'aikata ko littafi, wato sun fi kusa da tsanin gaɓa da jiki.

A rubutun kimiyyar halittu wannan sakewar takan zama matsala ta gaske, domin can kowane mataki yana da sunansa tsayayye. Karl Liniyas, masanin tsirrai ɗan Suwidin, ya fitar da tsarinsa a 1735, ya raba halitta masarautu uku, dabbobi da tsirrai da ma'adinai. Ka ga shi ma kalmar mulki ya ara ya sa wa tsanin jinsi. Daga aikinsa aka gaji sunan kimiyya mai kalma biyu, ta farko jinsi, ta biyu nau'i. Zaki Panthera leo ne, damisa Panthera pardus, jinsinsu ɗaya, nau'insu daban. Hawa ɗaya sama, dangin Felidae ya haɗa su da kyanwar gida. Sama da nan rukunin Carnivora ya shigo da kare da kura, kura ma ta fi kusa da dangin kyanwa a kan kare duk da kamanninta. Sama kuma ajin masu shayarwa ya kwaso har da jemage da ɗan Adam. Idan marubuci ya kira zaki jinsi a sakin layi na farko, ya kira Panthera jinsi a na biyu, ya kira masu shayarwa jinsi a na uku, tsanin ya rushe. Hanya mafi sauƙi ita ce tun a farkon rubutu a ware wa kowane mataki kalma ɗaya, a faɗa wa mai karatu, a kuma tsaya a kanta har ƙarshe ko da maimaici ya gundure ka. Doki da jaki suna nuna amfanin hakan: jinsi ɗaya, Equus, nau'i biyu. Doki yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 64, jaki 62, alfadarin da suke haifa 63, shi ya sa kusan kullum ba ya haihuwa. Wanda ya ce doki da jaki iri ɗaya ne, da wanda ya ce iri daban ne, kowa yana da gaskiya, kuma babu wanda ya faɗi wani abu.

Kalmar dabba kanta tana da faɗi biyu. A bakin jama'a dabba mai ƙafa huɗu ce, shi ya sa ake cewa dabbobi da tsuntsaye ba tare da kowa ya ji an yi maimaici ba. A littafin kimiyya dabba ta haɗa tsuntsu, kifi, tsutsa, sauro da mutum. Ƙwaro ma haka. A hira gizo-gizo da kunama duk ƙwari ne, a kimiyya ƙwaro ƙafa 6 gare shi, su kuwa waɗannan biyun 8. Babu wanda ya yi kuskure tsakanin manomi da malamin kimiyya, kuskuren na marubucin da ya fara da faɗin wannan ya ƙare da na wancan ne.

Akwai kuma kalmar da take zama uwar kanta. Akuya tana nufin tamatar kawai idan aka jera ta da bunsuru, tana kuma nufin nau'in gaba ɗaya idan aka jera ta da tunkiya. Jam'in ma daga macen yake fitowa: awaki, tumaki, kaji, duk sun haɗa da mazan. A doki da raƙumi kuwa namijin ne ya ba da sunan gayya, dawaki da raƙuma sun haɗa da goɗiya da taguwa. Mai tsara fom ɗin ƙidayar dabbobi da ya buɗe gurbin akuya da gurbin bunsuru da gurbin awaki a jere ɗaya, zai sami dabba guda an ƙirga ta sau biyu.

Idan babu kalmar sama a ajiye, Hausa tana da hanyoyin ƙera ta nan take. Abin da sunan aiki: abin hawa, abin rubutu, abin zama. Kayan da suna: kayan aiki, kayan gini, kayan kiɗa, kayan sawa. Masu da aiki: masu rarrafe, masu shayarwa. Ɗafa-goshin ma-: makami ya haɗa takobi da bindiga da baka, mazubi ya haɗa tulu da kwalba da buhu. Akwai kuma su a gaban suna, su guduma da zarto, wadda take kafa rukuni ba tare da ta raɗa masa suna ba. Bambancin abin da kayan yana da amfani: abin hawa ana iya nuna guda ɗaya a ce ga shi, kayan gini kuwa tari ne na abubuwa mabambanta da aiki ɗaya ya haɗa, siminti da yashi da rodi ba su yi kama da juna ta ko'ina ba. Garke, runduna da ayari kuma wani abu ne daban, sunayen taro ne. Saniya tana cikin garke, amma saniya ba garke ba ce, gwajin nan na farko ya fitar da su.

Wajen aiki da su

Mai bayyana ma'anar kalma, a ƙamus ko a aji, matakai biyu ne a gabansa. Ya nemo jinsi na kusa, sannan ya kawo abin da ya raba kalmar da sauran 'yan ɗakinta. Zarto: kayan aiki ne na yanka, mai jerin haƙora a bakinsa, ana ja ana turawa a kan katako ko ƙarfe. Kayan aiki na yanka ya ajiye shi kusa da wuƙa da almakashi da gatari, haƙora da ja da turawa sun fitar da shi daga cikinsu. Ɓarnar da aka fi yi ita ce tsallakewa can ƙoli, a ce zarto wani abu ne da kafinta yake amfani da shi. Abu ita ce uwar kalmomi duka, don haka ba ta ware komai, guduma da kusa da fensir duk sun shiga wannan ma'anar. Kishiyar wannan ita ce matsewa, a ce kujera abin zama ne na katako mai ƙafa huɗu, an kori ta roba da ta ƙarfe da mai ƙafa uku ba da niyya ba. Sai zagaye, a bayyana makami da abin yaƙi, a je yaƙi a ce faɗa da makamai. Gwajin ma'ana mai kyau shi ne ka rufe kalmar da hannu ka karanta wa wani bayanin. Idan ya canko ta, ta yi. Idan ya kawo kalma uku, faslun bai isa ba.

Korewa tana juya tsanin, kuma nan ne masu rubuta doka da sanarwa suke faɗawa rami. Wanda ya ga shaho ya ga tsuntsu, magana tana hawa sama. Amma wanda bai ga shaho ba, ba a ce bai ga tsuntsu ba. Da korewa ko hani, magana gangarowa take yi: hana tsuntsu ya hana shaho da kurciya da kaza gaba ɗaya. Ke nan duk matakin da ka hau a cikin dokar hani, ka hana abubuwan da ba ka lissafa ba, wataƙila ma ba ka yi tunaninsu ba. Masanin shari'a ɗan Ingila H. L. A. Hart ya kawo misalin da ya shahara a 1958, dokar da ta hana shiga wurin shaƙatawa da abin hawa. Mota ta shiga hanin ba musu. Keke fa? A Hausa tambayar ta fi tsanani, domin abin hawa a lafazinsa ya kama doki da jaki, ya kama keken guragu, ya kama motar ɗaukar marasa lafiya da ta zo ceto. Idan hayaniya da haɗari ake gudu, abin hawa mai inji ya fi kusa da manufa, sannan a rubuta waɗanda aka togace.

Wutsiyar jeri ma tana da hukunci. Da sauransu ƙofa ce a buɗe, ba ta faɗi iyaka ba. Da makamantansu, da ire-irensu, da dangoginsu sun ɗaure abin da zai shigo da kamannin waɗanda aka ambata. Alƙalai a tsarin shari'ar Ingila da ƙasashen da suka gaje shi suna da ƙa'idar fassara mai wannan ruhin: kalma mai faɗi da ta biyo bayan jerin takamaiman abubuwa ana taƙaita ta ga irin waɗannan abubuwan. Wanda ya rubuta a yarjejeniyar haya cewa ba a ajiye karnuka, kyanwoyi da makamantansu, zai sha wuya ya kori mai kifi a kwalba.

Jera uwa da 'yarta kafaɗa da kafaɗa kuskure ne mai saurin shigewa. Maganin ƙwari da sauro yana nuna sauro ba ƙwaro ba ne. Likitoci da ma'aikatan lafiya yana fitar da likita daga ma'aikatan lafiya. Kalma ɗaya ce gyaran, sauran: sauro da sauran ƙwari, likitoci da sauran ma'aikatan lafiya. Ko a juya a fara da uwar a biyo da musamman. Sai dai akwai inda ake yin jerin da gangan, malaman balaga, wato ilimin fasahar magana, suna kiransa ambaton keɓantacce bayan gamamme. A aya ta 98 ta Suratul Baƙara an ambaci mala'iku, sannan aka ambaci Jibrilu da Mika'ilu da sunayensu, alhali suna cikin mala'ikun, don nuna darajarsu. A irin wannan wuri tsanin biyu suke haɗuwa, an ciro ɗan rukuni daga rukuninsa saboda muƙaminsa. Mai rubuta sojoji da janar-janar ɗinsu yana iya fakewa da wannan, mai rubuta ƙwari da sauro ba shi da mafaka.

Wane mataki ya kamata a zaɓa idan duk suna daidai? Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Eleanor Rosch da abokan aikinta na 1976 ya nuna akwai matakin tsakiya da mutane suka fi saurin kiran abu da shi, kuma shi yara suke fara koya: kujera, ba kayan ɗaki ba, ba kuma kujerar lilo ba. Shi ne mataki mafi tsawo da za ka iya rufe ido ka ga sura ɗaya. Ka gwada zana kayan ɗaki, hannunka zai tsaya, sai ka zaɓi gado ko tebur. Wannan matakin yana sauka ga gwani, makiyayi ba ya tsayawa a saniya, sai ya faɗi karsana ce ko guzuma. Hawa sama da shi ba gaira ba dalili yakan sa rubutu ya yi sanyi, ko ya zama ɓoye-ɓoye. Rahoton da ya ce an yi amfani da makami, alhali marubucin ya san bindiga ce, ya rage wa mai karatu labari. Amma idan ba a tabbatar ba, makami ce kalmar gaskiya, kuma tana da amfani wajen guje wa maimaici: ka ce shaho a jimlar farko, ka ce tsuntsun a ta biyu. Juya wannan jerin ba ya aiki, idan ka fara da tsuntsu ka koma shahon, mai karatu zai ɗauka wani ne daban ya shigo.

Mai kasa kaya a ɗakin karatu, ko rumbun ajiya, ko jerin rukunai a kwamfuta, ƙa'idarsa ta farko ita ce ma'auni ɗaya a kowane mataki. Idan ka raba motoci zuwa manya, ƙanana, jajaye da masu amfani da lantarki, ka haɗa ma'auni uku a layi guda, ƙaramar jar mota mai lantarki za ta nemi gida uku. Raba da girma tukuna, a ƙarƙashin kowanne ka raba da makamashi, launi kuwa ka bar shi a matsayin siffa. Tsarin kasa littattafai da Melvil Dewey ya fara a 1876 ya ɗaure kansa da goma-goma: 500 kimiyya, 590 dabbobi, 598 tsuntsaye, 599 masu shayarwa, kowace lamba da ta ƙaru tana gangarawa mataki ɗaya. Sauƙinsa ke nan, kuma nan ne matsinsa, domin ilimi ba ya rabuwa goma-goma don a ji daɗin lissafi. Abin dubawa na ƙarshe shi ne akwatin da aka rubuta wa saura. Idan ya fi kowane akwati cika, akwai rukuni ɗaya ko biyu kwance a cikinsa da ba a raɗa wa suna ba, sai a zazzage shi a sake kasawa.